Tsayin silin da girman taga: ƙafa nawa ya kamata a yi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina gina gida mai ɗaki uku da falo a wata sabuwar unguwa a gefen Kano. An gama zuba daɓen ƙasa, za a fara jera bulo. Birkilana ya ce layi 9 zuwa linta, a ɗora layi 2 a sama a buga kwano, wai haka kowa yake yi. Abokina kuma ya ce in kai silin ƙafa 12 ko 13, in ba haka ba zafi zai kore mu a watan Afrilu. Uwargida ita ma tana son manyan tagogin gilashi irin na sababbin gidaje. Kuɗina a ƙididdige suke, kuma wuta ba ta zama a unguwar. Maganar wa zan bi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sa a gama lafiya, a tare cikin alheri. Ka kawo tambayar a kan gaɓa, domin tun ran gini tun ran zane. Mafi yawan masu nemana a kan wannan magana sai an buga kwano, an yi filasta, an tare, bazarar farko ta zo yara sun kasa barci, sannan su ce in zo in duba. A lokacin kuwa babu abin da ya rage sai fashe-fashe da asarar kuɗi.

A fuska tambaya biyu ka yi, ɗaya a kan silin, ɗaya a kan taga. A wurina guda ɗaya ce: yaya za a yi ɗaki ya zaunu da ƙarfe 3 na rana, ya kuma kwantu da ƙarfe 1 na dare, a watan Afrilu, ranar da babu wuta? Tsayi da taga ba a yanke su daban-daban, domin amfanin kowanne ya rataya ne a kan ɗan'uwansa. Da gidan nawa ne, ƙafa 10 zan yi daga saman tayil zuwa ƙasan silin, in ba kowane ɗaki taga biyu a bango biyu daban, in bar ƙananan kafofin iska a can sama kusa da silin, kuɗin ƙarin ƙafa 2 ko 3 ɗin da abokinka ya ambata kuma in mayar da shi kan rufi. Bari in kawo dalilaina.

Daga ina zafin yake shigowa?

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kano yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Garin yana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa a waɗannan watanni da tsakar rana kusan a tsakiyar ka rana take tsayawa. Wanda ya fi shan ta kuwa rufi ne. Kwano yakan yi zafin da ba ka iya ɗora masa hannu, ya juye shi cikin sararin da ke tsakaninsa da silin, silin ɗin ya ɗauka, shi kuma ya riƙa sako maka. Wannan zafi ba iska ce take kawo shi ba. Irin wanda kake ji ne a fuska idan ka tsaya gaban tukubar mai tsire, ko da ba ka matsa kusa ba.

Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai ƙarshen zancen ba. Iska mai zafi sama take yi, kuma silin da ya yi nisa da kanka ya fi wanda ke dab da kai sauƙi. Amma ƙarin ƙafa 2 ba ya hana silin mai zafi gasa mutum, sai dai ya ɗan rage. Sannan ka dubi yadda muke gini: saman ƙofa da saman taga duk a linta, wato kankaren da ake zubawa a kansu, suke tsayawa, ƙafa 7. Abin da ke sama da nan tamkar ƙwarya ce a kife, iskar da ta hau ba ta da hanyar fita. Idan ka ƙara tsayi ba ka buɗe mata kafa ba, girman ƙwaryar kawai ka ƙara.

Ba a takarda na koyi wannan ba. Shekarun baya na kula da ginin wani Alhaji da ya dage sai falonsa ya kai ƙafa 14. Na bi shi, kuma kuskurena shi ne ban tsaya a kan maganar kafofin iska ba da aka ce za su ɓata adon silin. Aka buga kwano mai duhu, aka toshe ko'ina. Da bazara ta zo falon nan ya fi ƙananan ɗakunan yara zafi. Fanka sai da aka ƙara mata dogon ƙarfe kafin iskarta ta riƙa isowa kujera. Abin da ya gyara shi daga baya abu uku ne: muka buɗe kafofi masu raga a bangon da ya toshe gefen rufin domin zafin cikin rufin ya sami wucewa, muka shimfiɗa abin tare zafi a bayan silin, muka fasa ƙananan tagogi biyu a saman bango. Tsayin bai canza ba, amma falon ya zaunu. Tun daga ranar ba na yarda a ƙara tsayi sai an nuna min ta inda iskar sama za ta fita.

Mutane sukan kawo min hujja da ginin iyaye da kakanni, su ce ai soro dogo ne shi ya sa yake da sanyi. Ka shiga Gidan Makama, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, lallai za ka ga tsayi. To amma sanyin nan daga kaurin bangon tubali yake, da rufin ƙasa da aka daɓe a kan azara. Zafin rana yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa su, kafin ya iso ciki dare ya yi, mutanen gida suna tsakar gida a kan tabarma. Shi tsayin yana da nasa dalilin. Azara ba ta haye abin da ya wuce kimanin ƙafa 6 ba ta lanƙwasa ba, sai magina suka fito da dabarun rufi mai baka, wato bakan gizo da ɗaurin guga, domin a sami ɗaki mai faɗi, shi kuwa baka dole ya yi sama. Ka lura kuma da tagoginsu: ƙanana ne, a can sama. Mu da muke gini da bulon siminti mai rami da kwano siriri, idan muka kwaikwayi tsayin kaɗai muka bar kaurin, mun ɗauki abin da ido ke gani mun bar abin da ke aikin.

Lissafin layin bulo

Yanzu mu auna maganar birkilanka. Tsayin bulo inci 9 ne, idan aka haɗa da simintin da ke tsakani kowane layi yakan tashi wajen inci 9 da rabi. Layi 9 ya ba ka ƙafa 7 da ɗan ɗoriya, daidai tsayin ƙofa. Linta inci 9. Layi 2 a kai, ka tashi da kimanin ƙafa 9 da rabi. A baki ya yi daɗin ji. Amma daga kan daɓe aka auna, ba a cire yashi da siminti da tayil ba, wajen inci 2. Idan aka yi silin POP, wato na farar filastar ado, mai saukowa, zai ci wasu inci 6 ko fiye. Ga kuma bulon kasuwa da sau da yawa ba ya cika inci 9 ɗin. Kafin ka ankara ka koma ƙasa da ƙafa 9.

A nan fanka take shigowa, kuma a unguwar da wuta ba ta zama, fanka mai aiki da sola ita ce za ta riƙe ku. Tana buƙatar sarari kamar ƙafa 1 tsakaninta da silin domin ta sami iskar da za ta jawo, fukafukanta kuma kada su sauko ƙasa da ƙafa 7 da rabi. A ɗakin da bai cika ƙafa 9 ba, dogon mutum ya ɗaga hannu zai zura babbar riga, sai ya yi hattara. A ƙafa 10 kuwa fukafukan suna zama tsakanin ƙafa 8 da rabi da 9, inda iskarta ta fi bazuwa a ɗaki.

Saboda haka ka ce masa layi 3 bayan linta. Abin da ma ya fi, layi 2 sannan a zuba bim na kankare mai inci 9 ya zagaye saman ginin, a dasa ƙarafan ɗaure katakon rufi a cikinsa. Tsayin ɗaya ne, amma ka sami abin da zai riƙe maka kwano ranar guguwar farkon damina. Silin kuma a buga shi a shafe a ƙasan katako. Idan uwargida tana son ado a falo, gefe-gefe kawai za a sauko da shi, tsakiya ya tsaya a ƙafa 10. Kuma kada ka tsaya a ƙidayar layi. Ka sa a samo doguwar sanda a yi mata alama a inda tayil zai ƙare, da ƙasan taga, da linta, da silin, a riƙa gwada ta a kowace kusurwa.

Batun kuɗi kuwa ga shi a fili. Tsawon bulo inci 18 ne, wato kowace ƙafa 3 ta bango tana cin bulo 2 a layi ɗaya. A ce duka bangwayen gidanka, na waje da na ciki, sun kai ƙafa 300. Kowane layi bulo 200 ke nan. Ƙarin layi ɗaya da nake ba ka shawara bulo 200 ne, kuma ya cancanci kuɗinsa. Daga ƙafa 10 zuwa 13 kuwa layi 4 ne, bulo 800, ban da filasta ciki da waje, da fenti, da ƙarin rodi a ginshiƙai, da ladan aiki a sama. Ranar da Allah ya hore ka sa na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin mai ƙafa 13 ya fi mai ƙafa 10 yawan iskar da za a sanyaya da kashi 30 cikin 100, kuma batir ɗinka ne zai biya.

Wannan kuɗin ka kai shi rufi. Ka sayi kwano mai haske, fari ko ruwan azurfa, ka bar baƙi da ruwan ƙasa da ake yayi. A shimfiɗa takardar alminiyam mai tare zafi a ƙarƙashinsa. A bar kafofi masu raga domin iska ta riƙa ratsa cikin rufin. Bakin kwano kuma ya fito aƙalla ƙafa 2 daga bango. Yayin nan na ɓoye rufi a bayan bango ya raba gidaje da yawa da inuwar bakin kwano, bango da taga suna shan rana tun safe har yamma, ga yoyon kwata da damina. Ni ba na son sa a wannan ƙasa tamu.

Idan kana da niyyar ɗora bene nan gaba, ka faɗa tun yanzu, domin lissafin zai canza: bim yana saukowa ƙasa da dakin, wato rufin kankaren da bene ke zama a kai, kuma kowace ƙafa 1 da ka ƙara a tsayi tana ƙara wajen taki 2 a matattakala.

Tagogi

Akwai ma'auni da dokokin gini na ƙasashe da yawa suke amfani da shi: faɗin taga gaba ɗaya kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasan ɗaki, domin haske, ɓangaren da ke buɗewa kuma kada ya gaza ɗaya cikin ashirin, domin iska. Mu gwada da ɗaki mai ƙafa 12 da 14. Faɗin ƙasansa murabba'in ƙafa 168, ɗaya cikin goma ya kusa 17. Tagar da aka saba sawa, ƙafa 4 da 4, tana ba da 16. Ka ga ba ta ma cika ba. Idan kuma mai zugewa ce, rabinta kawai ke buɗewa, 8 ke nan, ga raga ga ƙarafan tsaro kowanne ya ci nasa rabo. Wannan ma'auni kuwa mafi ƙaranci ne, ba a yi shi da daren Afrilu a zuciya ba.

Duk da haka ba ƙara girman tagar ce mafita ba, ƙara ta biyu ce. Iska ba ta shiga inda ba ta ga hanyar fita ba. Taga biyu masu 4 da 4 a bango biyu daban sun fi guda ɗaya mai 8 da 4 nesa ba kusa ba, alhali gilashin ɗaya ne. Kada ka lissafa ƙofa, domin da dare a rufe take. Ɗakin da bango ɗaya kawai yake da shi a waje, a bar masa kafa mai raga a saman ƙofa ta fita zuwa baranda ko lungun cikin gida. Kafofin saman bango da na ambata kuma ba sai manya ba. Tsayin bulo ɗaya, faɗin ƙafa 2, da raga da ɗan murfin da za a rufe da hunturu, sun isa.

Yanayinmu kala uku ne, kuma kowanne da abin da yake so a wurin taga. Da bazara iskar waje da rana ta fi ta cikin ɗaki zafi, don haka rufewa ake yi daga hantsi, a saki labule, sai bayan isha a buɗe ko'ina iskar dare ta wanke zafin da bango ya tara. Da damina akwai gumi, ana son iska ta yi ta ratsawa dare da rana. Da hunturu iska mai ƙura tana busowa daga arewa maso gabas, ana son tagar da za ta rufu ruf. Tagar da ta cika waɗannan ita ce mai buɗewa waje kamar ƙofa: tana buɗewa gaba ɗaya, tana kuma rufuwa da kyau idan an sa mata roba a baki. Luba, wato mai jerin fallayen gilashi, tana ba da iska sosai, amma ƙura ba ta jin kunyarta. Mai zugewa ta fi sauƙin kuɗi, sai dai ka sani rabin taga ka saya, kuma hanyar zugewar takan cika da ƙura.

Wajen haske, hasken taga yakan shiga ɗaki da kyau har kimanin ninki biyu na tsayin samanta. Linta a ƙafa 7 na nufin wajen ƙafa 14. Idan falonka ya fi haka zurfi, ƙuryar za ta yi duhu komai faɗin tagar, sai an ba shi wata ta wani bangon ko a ɗaga lintar tagoginsa zuwa ƙafa 8.

Burin uwargida

Bai kamata a yi watsi da shi ba, ita ce za ta fi kowa yini a gidan. Maganar ita ce a wane bango. Arewa da kudu rana a sama take bi, takan karkata kudu a yawancin shekara, ta ɗan leƙa arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta. Bakin kwano mai ƙafa 2 ko ɗan rumfar kankare a saman taga yana tare ta a watannin zafi. Ka lura a nan ma da yadda tsayi ya shafi taga: duk yadda bango ya ƙara tsawo, bakin kwano yana ƙara nisa da tagar, inuwarsa tana raguwa. Yamma ce matsala. Daga ƙarfe 3 rana tana saukowa ta dubi taga ido da ido, babu rumfar da ke tare ta, kuma a lokacin ne gari ya fi zafi. Gilashi yana barin zafin rana ya shiga, ba ya barin sa ya fita da sauƙi, kamar motar da aka rufe a rana. Ka ba ta babbar tagarta, 6 da 5 ma in tana so, a falo ta arewa ko ta kudu, in so samu ne a ƙarƙashin baranda. Bangon yamma kuma ka jera masa banɗaki da sito da wurin ajiye kaya, ka dasa darbejiya ko mangwaro nesa kaɗan da harsashin gini. Gabas ranarta ta safe ce, ta fi sauƙi, amma hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, don haka tagogin wannan ɓangare su sami rumfa, su kuma riƙa rufuwa da kyau.

Gilashin nan mai kama da madubi kuma a gaya mata gaskiyarsa. Da rana na waje ba ya ganin ciki, amma da dare idan aka kunna fitila abin juyawa yake, na waje ne ke ganin na ciki.

Wannan ya kawo mu ga sutura, wadda a gidan Bahaushe ba ƙaramin abu ba ce. A falo da ɗakunan da ke kallon cikin gida, ƙasan taga a layi 4, wajen ƙafa 3, domin iska ta sami wanda ke kwance a gado ko zaune a ƙasa. Ɗakin da ke kallon titi ko gidan maƙwabci, a ɗaga shi zuwa ƙafa 5, a rage tsayin tagar a ƙara mata faɗi. Na sha ganin manyan tagogi da aka kashe wa kuɗi, labule a sake shekara da shekaru saboda suna kallon layi. Haka ma tagar da ke ƙafa 2 daga katanga, sunan taga kawai take amsawa. Ka bar tazara tsakanin gini da katanga, kuma ka tabbatar da wadda KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, take buƙata a irin filinka kafin bango ya tashi.

Kicin ya sami taga babba da kafar hayaƙi a sama, da wata ƙarama a ƙasa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya. Banɗaki 2 da 2 a sama da tsayin mutum. Janareto kuma a yi masa wuri nesa da kowace tagar ɗakin kwana. Hayaƙinsa ya kashe iyalai cikin barci, kuma daren da aka buɗe tagogi don zafi shi ne daren da ake kunna shi.

Abin da ba zai yanku daga nan ba

Ban ga filinka ba. Ina titi yake, ina gabas, wane maƙwabci ne ya riga ya gina bene ya tare maka iska, duk waɗannan suna iya sauya inda kowace taga za ta zauna. Haka kuma taga mai faɗin ƙafa 6 ko fiye, lintarta tana buƙatar a lissafa mata rodi da kauri, ba a yi mata irin ta ƙaramar taga ba, musamman in bene na tafe. Wannan aikin injiniyan da zai tsaya a wurin ne, ya ga harsashin da aka zuba da idonsa. Kafin birkila ya ɗora layin farko, ka je filin da ƙarfe 4 na yamma tare da uwargida, ku tsaya a kan daɓen kowane ɗaki ku ga ta inda rana take dukan ku, ku yi wa wannan bango alama da gawayi. Ka zana min ɗakunan a takarda da alamar gabas da inda titi yake ka turo, in Allah ya yarda zan nuna maka inda kowace taga za ta zauna.